Hoton Auta a Jikin Kwalba

Duk wanda ya taɓa sayen man gashin Yaya ya san fuskar Auta, ko da bai taɓa taka shagon ba. Hotonta ne a jikin kowace kwalba: ta ɗan juya baya, ta waiwayo tana murmushi, gashi baƙi wuluk ya sauko har gadon bayanta. Shekararta goma sha tara aka ɗauki hoton. Yanzu tana da ashirin da takwas, kuma har yau ita ke zama bayan kantar shagon daga safe zuwa yamma, don Yaya ta ce mai saye ya fi yarda da abin da idonsa ya gani.

Yaya ce babba a ɗakinsu, ita ta riƙe Auta tun rasuwar mahaifiyarsu. Da wannan man ta ciyar da ita, da shi ta sa ta a makaranta. A ɗakin bayan shago take haɗa shi cikin wata ƙatuwar tukunya: man kwakwa, man zaitun, da wasu ganyaye da ko mijinta ba ta gaya wa sunansu ba. Kuma man yana yi wa mutane aiki, babu ƙarya. Mata masu busasshen kai, waɗanda gashinsu ke karyewa kamar tsinken tsintsiya, sukan dawo suna sa albarka.

Kowane ƙarshen mako Yaya takan zaunar da Auta a gabanta, ta tsaga gashin layi-layi, ta lakato mai ta murza da yatsu, tana ba ta labarin masu saye. Ba a taɓa fashi ba.

Da ƙaiƙayi abin ya fara. Auta ta ɗauka zafi ne. Sai amosani ya biyo baya, ba fari mai kaɗewa ba, wani mai danƙo da ke maƙalewa a farce. Daga nan matsefi ya fara fitowa cike da gashi. Ta riƙa dunƙule shi tana cusawa can ƙasan kwandon shara. Da Yaya ta ga ɓawon, ta ce bushewa ce, ta ƙara yawan man. Kan Auta ya koma kamar an barbaɗa masa barkono. A shago kuwa ba ta da damar sosawa, don mai tallar man gashi ba ta sosa kai a gaban jama'a. Sai ta danne wurin da bayan biro ta saman ɗankwali, tana murmushi, hawaye na taruwa a idonta.

Ranar da ta ɗaga madubi biyu ta hango fatar kanta a tsakiya, ja, tana ƙyalli, ta ce wa Yaya haƙori ke damunta, ta tafi wurin likitar fata.

Likitar, wata dattijuwa mai sanyin hannu, ta duba kan da ƙaramar fitila. Ta tambaye ta kwana nawa kanta ke yi kafin ya yi maiƙo bayan wanki, Auta ta ce ko biyu ba ya kaiwa. Likitar ta yi mata bayani cewa kai suna ya tara: akwai mai bushewa da ke neman mai, akwai mai fitar da nasa maiƙon har ya yi yawa, kuma nata irin na biyun ne. Ta ce irin wannan amosanin maiƙo yake so, ƙara masa mai kamar zuba wa wuta fetur ne, kuma kumburin da susar su ke zubar da gashin. Sannan ta tambayi wane mai take shafawa.

Auta ta ciro kwalbar daga jaka. Likitar ta dubi hoton, ta dubi Auta, ta sake duban hoton.

"Man ba shi da laifi," in ji ta. "Kanki ne ba nasa ba."

Ta rubuta mata shamfu na magani, sau biyu a mako, ta bar kumfar ta yi minti biyar kafin ta ɗauraye. Mai kuwa kada ya taɓa fatar kai, in ya zama dole a shafa a bakin gashi kawai. Ta ce gashin zai iya dawowa in an bar fatar ta huta.

A hanyar komawa Auta ta yi ta jera maganar da za ta faɗa. Tana shiga shago ta tarar da Yaya da faranti a hannu, ta ajiye mata abinci mai laushi saboda haƙorin. Auta ta karɓi farantin, ta yi godiya, ta bar maganar.

Ta ɓoye shamfun a ƙasan akwatin kayanta. Ta yi wanki biyu, kan ya lafa, har ta yi yini guda ba ta tuna da shi ba. Ƙarshen mako ya zo, Yaya ta kira ta, ta zauna, aka murza mata mai, wuta ta dawo sabuwa. Mako na gaba ta ce kanta na ciwo. Na gaba da shi ta ƙirƙiri dubiyar wata ƙawa. Mijin Yaya har da tsokana, wai Auta ta girma ta fara gudun hannun da ya raine ta. Kowa ya yi dariya ban da Yaya.

A mako na huɗu Yaya ba ta kira ta ba. Ta same ta a ɗakin baya tana manna takardu a kwalabe, ta rufe ƙofa, ta sa hannu ta zame ɗankwalin. Ta daɗe tana kallo. Rabonta da ganin kan sati uku, kuma gaban goshin ya ƙara ja da baya.

Auta ta faɗi komai, kanta a sunkuye: likita, shamfu, ƙaryar haƙori. Ta jira faɗa. Yaya ta zauna a kan buhun kwalabe.

"Wato da hannuna na yi miki wannan."

"Ba ki sani ba, Yaya."

"Ke da kika sani, wata guda kina kallona."

A ranar, Yaya da kanta ta wanke mata kai da shamfun likita. Ta riƙe agogo har minti biyar suka cika, ta ɗauraye a hankali kamar mai wankan jariri. Sai Auta ta yi ƙarfin hali ta kawo shawara: su riƙa tambayar kowace mai saye irin kanta, mai maiƙo a ce mata ta nemi wani abu.

Yaya ta ci gaba da tsane gashin da tawul. Ta ce baki shi ke yanka wuya. In aka ce wa mace ɗaya man bai dace da ita ba, kafin mako ya zagayo labari ya zama man yana cinye gashi, har wadda ke jikin kwalba ta yi sanƙo. Ta ce mutum bakwai ke ci daga tukunyar nan. Ba za ta ƙara shafa mata ba, ta yi alkawari, amma ɗankwali ba zai sauka a shago ba, kuma maganar ta mutu a ɗakin nan.

Haka aka yi. Bayan wata uku ƙananan gashi suka fara tsirowa a goshin Auta, babu mai ganinsu sai su biyu.

Wata safiya wata malamar makaranta ta shigo, tana magana tana cusa yatsa ƙarƙashin mayafi tana susa. Ta ce gashinta zuba yake, kanta kullum cikin maiƙo, an ce mata nan za ta sami magani. Ta ɗauki kwalba biyu, ta tambayi Auta ko da gaske shi take shafawa.

Ƙofar ɗakin baya a buɗe take. Ƙarar ludayin Yaya a tukunya ta tsaya.

"Tun ina yarinya," in ji Auta. Ta sa kwalaben a leda, ta rage murya. "A bakin gashi za ki riƙa shafawa, kada ki kai ƙasa."

Malamar ta ce to, amma hankalinta na kan wayarta. Ta fita tana susa. Auta ta bi ta da ido har ta tsallaka titi, sannan ta jawo wasu kwalabe biyu daga kwali ta cike gurbin.