Hoton Kabarin Dona Perpétua

A garinmu, nan Alentejo, kabari ba ya cika kabari sai an manna hoton mai shi a jikin dutsen da ake kafawa a kansa. Ni nake ɗaukar hotunan, kuma ba cika baki ba, babu wanda ya taɓa kwanciya da mummunar fuska ta dalilina.

Wata safiya Dona Perpétua ta shigo shagona cikin baƙaƙen kayan makokin da ba ta taɓa cirewa ba, 'yarta Graciete na biye. Tsohuwar ta haura tamanin, so take a ɗauki nata tun tana da rai. Inda gizo ke saƙar, mijinta Amílcar ya rasu yana matashi. Hotonsa na can a dutsen, fuska sumul, gashi ya sha mai, kuma gefensa za a sa nata.

Graciete ta ja ni gefe. "Don Allah, Custódio, ka tausasa hoton. Kar masu wucewa su ce uwarsa ce."

Wannan ai ƙaramin aiki ne. Na ɗauke ta, daga fim ɗaya na wanke hoto biyu. Na farko a takarda mai laushi, wadda ke sasanta baƙi da fari su haɗu a toka-toka, tamoji ya ɓace. Na biyun a takarda mai tsauri, don gwaji kawai: ɗankwali baƙi ƙirin, furfura fara fat, kowane layi a fuskar kamar an ja garma.

Da suka dawo, tsohuwar ta sa tabarau ta dubi na farkon. "Wace ce wannan? Sai ka ce burodin da aka jiƙa a ruwa!"

"Mama, kin fa yi kyau a ciki."

"Rufe min baki." Ta ɗauki na biyun, ta bi layukan da yatsa. "Na goshin nan, zafin ranar gonar alkama ne. Na gefen ido kuwa ku ne, da na raine ku ni kaɗai."

"Za a ce ke kika haife shi, Mama."

"Su ce mana! Shi ya kwanta da ƙuruciyarsa, ni na tsaya na yi aikin mutum biyu. In na isa, so nake ya waiwayo ya ga abin da ya bar ni da shi, ya kuma ga ban faɗi ba."

Graciete ta kama kuka. Ni kuwa wallahi kaina ya yi girma, ban taɓa alfahari da hannuna kamar ranar ba.

Tsohuwar ta miƙo min hoton. "Kai, mai hoto, za ka iya ƙara masa baƙi?"

Na ce zan iya, Dona. Na koma ɗakin wankin hoto ina share ido, na ƙara.