Wutar da Shozo Ya Bari a Kan Dutse

Shozo Tamaki ya yi kwana uku bai yi allurar ciwon suga ba. Yayarsa Tomie ce ta tsince shi kwance a bakin murhun gawayinsa.

Shekara arba'in da ɗaya yana ƙona gawayi a kan dutsen nan. Yadda ubansa ya koya masa, idan itace ya kama ci ba a buɗe murhu a leƙa. Hanci ne ke dubawa. Hayaƙi yakan fara da fari mai tsami, ya koma mai yaji, sannan ya yi shuɗi. A kwanakin nan uban ba ya cin abinci, wai miya da kifi suna toshe hanci. Shozo ma haka yake yi. Ruwan kofi mai zaƙi na gwangwani kawai yake sha.

Da aka sa masa allura bara, wata ma'aikaciyar jinya ta ce kada ya yi ta in bai ci ba. Allurar lokacin cin abinci take nufi. Akwai wata ta safe, wadda ba a fashinta. A wurinsa allura allura ce. Ya ajiye su duka biyun.

Ƙishirwa ta taso masa, ya ƙara kofi. Rana ta uku ya yi amai baƙi ƙirin. Ya ce kofin ne, ya tura ƙasa da ƙafa ya rufe. Daga nan bai san abin da ya faru ba.

A asibitin gari ya farka washegari da hantsi, an ɗaura masa ruwa a hannu biyu. Likitar ba ta wuce sa'ar 'yarsa ba. Ta ce sun zura na'ura ta bakinsa, ta miƙo masa hoto.

"Baba, hanyar abincinka ce wannan. Ja-ja ya kamata ta kasance."

Ya duba. Baƙa ce zagaye, har inda ta haɗu da tumbi. Kamar cikin bututun hayaƙi. Ya jira ya ji tsoro, bai ji ba.

"Suga ya hau sosai, jininka ya yi tsami, ruwan jikinka ya ƙafe," in ji ta. "Jini ya kasa isa wurin, fatar ciki ta mutu. Tana iya warkewa. Amma ba ci, ba sha, ko ruwa, sai mun ce. In ta huje sai tiyata, kuma ba kowa ke tashi ba."

"Yau wace rana?"

"Alhamis."

Ya mayar mata da hoton.

Tomie na zaune a gefen gado da takalman gona a ƙafa. Shekararta saba'in da huɗu, har yanzu ita ke tuƙa ƙaramar motar ɗaukar itace. Sai da likita ta fita ya juyo.

"Yaya, da kika zo, wane irin hayaƙi kika gani?"

"Ƙato na gani a ƙasa yana warin ruɓaɓɓen tuffa. Hayaƙi zan tsaya kallo?"

"Fari ne ko ya fara shuɗi?"

Ita ma a bakin murhun nan ta girma.

"Ya fara," ta ce.

Ya lissafa a ransa. Zuwa la'asar sai an fara faɗaɗa bakin murhu kaɗan-kaɗan, a ba shi iska. Gobe a jawo gawayin yana ja zur, a binne shi cikin toka da yashi. In ba a yi ba, itacen da ya sha wata guda yana sarowa daga gangare zai cinye kansa. Masu iya wannan aiki a kwarinsu uku ne. Ɗaya ya mutu, ɗaya ba ya gane matarsa.

"Ban taɓa barin wuta ta ci kanta ba," ya ce.

"Ka bar cikinka ya ci kansa ai. Kai da gawayin an rasa wanda ya fi ƙonewa."

"Baba bai taɓa bari ba."

"Baba ba shi da suga. Taurin kan kawai ka gada."

Bakinsa ya bushe, harshe kamar ɓawon itace. Ya kalli ledar ruwan tana ɗiga. Ya ɗaga hannu, ya ga hannun ya ɗagu. Ya motsa ƙafa, ita ma ta motsa. Akwai ciwo a ƙirjinsa, amma kamar a jikin wani yake.

"Motar na waje?"

"Tana waje."

"Awa biyu kawai. Ba zan ɗauki komai ba. Ina zaune, in shaƙa, in gaya miki inda za ki cire bulo. Ki dawo da ni kafin su lura."

Tomie ta dubi hannayensa, baƙin da ya shige cikin farce wanda sabulun asibiti bai fitar ba. Ta ciro makullin motar daga aljihun riga, ta sa a jaka, ta ja zif.

"Yaya."

"A'a, Shozo. Ba zan kai ka ba."