Kular Imrana a Ƙarƙashin Tebur

…kuma ai ban ce ba zan saka ba. Cewa na yi sai an jima. Kular tana nan ƙarƙashin teburina, ƙafata na taɓa ta, firij yana bayana yana gurnani, miƙa hannu ne kawai. Zan saka, Imrana, zan saka. Bari layin nan ya ragu tukuna.

Goshi. Na'ura ta yi ƙara. Wuce. Katin rigakafinki, Hajiya? Wuce. Aikina ke nan a ofishin lafiya na bodar Jibiya, in auna zafin goshin matafiya, in duba ko an yi musu allurar shawara. "Likita" suke ce min, ni kuma ina amsawa. Ni ba likita ba ne. Kai ne Dakta, kai da na riƙe wa hannu a aji, kai da sai na zana maka abu a bayan takardar tsire kafin ka gane… Wuce, Baba, lafiyarka ƙalau.

Da hantsi ka kira. "Sadisu, kai ne mutuminmu a boda." Mutuminmu — ku da wa? Kai da Turawanka? Ka ce saƙo na tafe daga wani asibiti a Maraɗi, jini ne da 'yan gutsattsarin nama da aka ciro daga jikin mata masu ciwon dajin mama, an jera su cikin ƙanƙara a kula. Motar Nijar a boda za ta tsaya, taku ta Katsina ce za ta karɓa, ita kuma ta lalace wajen Daddara, ana kan gyara. "Ka buɗe, ka ciro ƙaramin akwatin da ke ciki, ka sa min a firij ɗin alluranku kafin su iso. In ya ji zafi ya tashi aiki. Wasu matan ba za mu sake samunsu ba, Sadi, sun rasu." Na ce ba komai. Har da dariya na faɗa.

Kalilu direba ne ya kawo kular. A saman mota ya ɗauro ta, bawan Allah, ya lulluɓe da jiƙaƙƙen buhu yadda ake yi wa jarkar ruwan sha, yana ta alfahari. "Saƙon lokotoro na, Malam. Na jiƙa mai buhu tun garin Ɗan Isa, rana ba ta taɓa shi ba." Lokotoro, haka mutanen can ke kiran likita. Ko a bakin direban Maraɗi sunanka ya yi nauyi. Da ya dire ta a ƙasa na ji ƙanƙara ta ƙwanƙwasa a ciki, ƙwal-ƙwal. Da sauranta sosai. Na tura ta ƙarƙashin tebur da ƙafa.

Ai akwai doka. Firij ɗin nan na alluran rigakafi ne, an rubuta a jikin ƙofarsa, ba a haɗa su da komai. In aka zo dubawa aka ga naman mutane a ciki fa? Wa za a kora, kai? Kai kana can cikin ɗakin bincikenka mai sanyi sanye da farar riga… Doka. To furar Nagoggo fa, abokin aikina, wadda ke ciki tun safe a ƙwarya, an rufe da faifai? Ita allurar me ce? Bar wannan. Fura daban.

Kuma ma saƙon mutum ne. Wa ke buɗe saƙo? A tashar nan ana ba direba ƙulli ya kai Maraɗi, ya kwana a shagon mai shayi, ya bi hannu ya bi hannu, babu mai kwance bakinsa. Haka muka taso. Saƙo amana ne, yadda aka ba ka shi haka za ka miƙa shi… amma kai ka ce in buɗe. Ka ce. Da bakinka. To, na ji.

Goshi. Wuce.

Ƙaro. Ƙaro fa, Imrana! Ran nan a gida Hasiya ce ta shigo ɗaki da rediyo a hannu, ko ludayin miya ba ta ajiye ba — "Ka ji abokinka! Wallahi abokinka ne!" — fuskarta na walƙiya, rabon da in ga matata ta yi irin wannan murna da wani abu nawa har na manta. Muryarka ce, ta yi kauri, kana jan magana a hankali irin na manya. Wai kun sarrafa ƙaro, ƙaron nan da ake tsinta a jikin bishiya, kun mayar da shi 'yan ƙwayoyi ƙanana da ido ba ya gani, kuna cusa magani a cikinsu, su bi jini, su wuce lafiyayyen nama, sai sun isa inda dajin yake su saki abin da suka ɗauko. Wai har yanzu gwaji ne, da sauran tafiya. Mai tambaya ta ce ina ka samo wannan tunani? Ka ce tun kana yaro, kana kallon ana dama tawada.

Kana yaro! A gidan wa? Babanka tela ne. Babana ne ke dama tawada, gawayi da ƙaro, a zauren gidanmu na Gangara, ni ke riƙe masa ƙoƙon. Ni na faɗa maka. A ɗakinmu na jami'a, muna shan garin rogo da kwano ɗaya, na ce in ƙaro zai riƙe gawayi cikin ruwa kada ya kwanta, me zai hana ya riƙe magani cikin jini? Ka yi dariya har ka ƙware. Na tuna rigar da ke jikinka. Ni na faɗa… ko wasa nake yi? Wasa ne, to, amma nawa ne. Daga bakina ya fito.

To me na yi da shi? Kada ka tambaye ni. Baba ya kwanta, ƙanne sun yi min yawa, aka ce ga aiki kusa da gida. Kai ka cike takardar tafiya karatu waje, ni na naɗe tawa na sa a aljihu na ce baɗi. Baɗi. Ai da na cike, da ni za a ɗauka, kowa ya sani, malamanmu ma sun faɗa. Da yanzu kai ke nan kana nuna wa mutane na'ura a goshi, ni kuma in kira ka in ce kai ne mutuminmu a boda.

Buhun ya fara bushewa daga gefe. Kwanon rufin nan yana zubo wuta, fanka na juya iska mai zafi kawai. Na ɗan zunguri kular da ƙafa… ƙwal. Ɗaya. Ɗazu ta fi haka amsawa. Akwai dai, akwai. Ƙanƙarar asibiti ce, ba irin ta masu sayar da ruwan leda ba, tana jurewa.

Kuma kwamfutarka. Ita ce ta fi ci min rai, ban san dalili ba. Ka nuna min a waya bara da ka zo gaisuwar sallah, wani abu mai launi yana juyawa, ka ce wannan ƙwayar daji ce, wannan ƙwayar ƙaro ce, kwamfuta na kwaikwayon yadda za su haɗu tun kafin a taɓa jikin kowa, ta gwada wannan siffa ta watsar, ta gwada waccan, cikin dare ɗaya ta yi abin da da sai mutum ya tsufa yana yi. Ka ce matsalar ita ce da jikin matan Turai aka koya mata, ba ta san namu ba, shi ya sa kuke neman samfuri daga nan. Kana min bayani dalla-dalla, kana sassauta murya, kana tambaya, "Ka gane?" Ni! Ni kake tambaya ko na gane! Na gane tun kafin ka rufe baki. Har na hango inda za ku samu cikas, na ɓoye maka, na ce Allah ya taimaka, na tura maka farantin nama.

Waya ta yi motsi. Kai ne, a rubuce: "An saka?" Na tura maka hoton hannu mai ɗaga babban yatsa. Ban yi ƙarya ba. Ban rubuta komai ba. Yatsa ne kawai.

Ana kiran azahar. Bari in yi salla, in na dawo sai in… Allahu akbar, ƙwal, Allahu akbar, ban san raka'a nawa na yi ba, liman ya sallame ina tunanin sunaye. Sunayen da ke saman takardar bincikenka, na nemo ta a waya na karanta, sun yi layi, naka a gaba. Na gangara har ƙasa inda ake godiya. Kun gode wa jami'a, kun gode wa masu ba da tallafi, kun gode wa wata mai wanke kwalabe. Na sake karantawa ko na tsallake. Astagfirullah. A masallaci nake wannan.

Wata mata ce a gabana yanzu, 'yarta na riƙe da ita, ta dafe ƙirji ɗaya da hannu ta cikin mayafi. Goshinta ba zafi. Amma warin… na san warin nan. Goggo Hajo, ƙanwar Baba, a ɗakinta na ƙurya, an ɗaura mata ganye da tsumma, tana ɓoye mana har abin ya fashe, tana cewa maruru ne, ɗan nan, kada ka gaya wa kowa. Turare take kunnawa kada mu ji. Ni nake kai mata kunu ina riƙe numfashi, ta lura, ta daina kallona in na shigo. Wuce, Inna, Allah ya ba da lafiya. Asibitin Katsina za su, ko wajen mai magani, ban tambaya ba.

Irinsu ne a ƙarƙashin teburina. Kowacce ta kwanta, ta yarda aka yanka, aka ce mata ko bai amfane ki ba zai amfani 'ya'yanki. Me suka yi min? Ba su san ni ba, ba su san an taɓa shan gari a wani ɗaki ba. Tashi, Sadisu. Tashi mana! Ban tashi ba. Ba na so ya lalace, wallahi ba na so. So nake… me nake so? So nake ka sake kira. Ka roƙe ni. Ka ce Sadi, aikin nan duk a hannunka yake, in ba kai ba babu. Sau ɗaya dai, bincikenka ya tsaya cak sai na ga dama. Hassada ce, na sani, ba sai an faɗa min sunanta ba. Tana tare da ni tun ranar rediyo.

Layi ya ƙare. Manyan motoci sun yi cirko-cirko suna jiran 'yan duwan, kwastan na can ɓangaren, masu babur sun fake a inuwa, babu goshi ko ɗaya. Rana ta karkata, la'asar ta kusa. Ga Nagoggo ya shigo yana fifita da hula, ya buɗe firij, sanyi ya daki bayana, ya ciro ƙwaryarsa. "Ga wuri nan na ba ka, Sadisu, sa kayan abokin naka. Ashe ba ka sa ba tun ɗazu?" Ya fita yana juya ludayi. Bai jira amsa ba.

To. Shi ke nan. Yanzu zan saka. Ka gani? Na ce zan saka. Na janye buhun, ya bushe ƙarau, na kama hannun kular, na ɗaga —

Ruwa.

Ya tafi gefe, ya dawo. Babu ƙwal. Na girgiza — ruwa ne, ruwa kawai, jikin robar ma da ɗumi. Inna lillahi… Wataƙila akwatin ciki yana da nasa sanyin. Wataƙila in na sa yanzu. Wataƙila. Na san karatun nan, Imrana, na fi ka saninsa, na san abin da zafi ke yi wa nama.

Kuma kafin tsoron ya zo, wani abu ya riga shi. Ɗan ƙanƙani, ya wuce da sauri, amma na ji shi. Daɗi. Daɗi na ji! Ya Allah, ni ne wannan? Ƙirjina ya yi sakayau kamar an sauke min buhun gero, a kan naman matan da suka mutu…

Waya na ringi. Sunanka ne. Motar ta tashi, za ka ce, suna hanya, sannu da ƙoƙari. Ni kuma in ce me? In ce Kalilu ne, a saman mota ya ɗauro ta, tun kafin ta iso ta narke, na saka amma an makara? Za ka ja numfashi. Sannan ka ce, "Ba laifinka ba ne, Sadi, zafin Jibiya ne, ni na yi sake." Za ka yarda. Nan take za ka yarda, har ka ba ni haƙuri. Ko a mafarki ba za ka zarge ni ba — wa ke zargin mutuminsa na boda? Shekara da shekaru ina kokawa da kai, kai ko sanin ana yi ba ka yi ba.

Tana ta ringi. Ƙofar firij a buɗe, kular a hannuna, ta yi nauyi… na gaji, Imrana. Ban san wace murya zan ɗauka da ita ba.