Garin Katako a Gidan Belmamun

Katangar gabas ta gidan Belmamun ta fara tsattsafar da ruwa tun bayan Sallah. Injiniyan da ya zo dubawa ya ce in ba a gano inda ruwan ke fitowa ba kafin Juma'a, dole a tashi daga gidan. Lalla Zuhur, tsohuwar da ke riƙe da gidan, ta dube shi sama da ƙasa.

"Ɗana, shekara sittin ina ƙarƙashin rufin nan. Ka kawo makara in kana gaggawa."

Jikarta Kanza aka tura ɗakin sama ta kwashe takardun iyali kafin damshi ya cinye su. Akwatin da suke ciki na wani itace ne mai ƙamshi, al'ul, ƙamshinsa ya girmi kowa a unguwar. Ta riƙa ɗagowa a hankali: takardun aure, wasiƙar wani kakan kakanta da ya rubuto daga Makka yana tambayar ko lemon tsakar gida ya yi 'ya'ya, hatimin wani alƙali da jan kakinsa bai ko tsage ba.

Can ƙasa ta ga wata doguwar takarda a naɗe. Jimla ɗaya ce ake ta maimaitawa, hannu daban, tawada daban: "Bana an ba wa ruwa garinsa." Ta fara tun shekarar 1140 ta hijira. Layi na ƙarshe rubutun kakanta ne, a shekarar da ya rasu. A gefe wani ya rubuta da ƙananan baƙaƙe: bututu na bi ƙarƙashin katangar gabas, kamu bakwai daga bishiyar lemo.

Ta sauko da takardar riƙe a hannu biyu.

"Lalla, wane gari ake ba wa ruwa?"

Tsohuwar ta dafe ƙirji. "Wayyo! Buhun nan da marigayi kakanki ke ɗauka duk bazara! Ni na zaci kaji yake kai wa."

Aka kira Ma'allam Buzayyan, wanda ya tsufa yana gyaran bututun yumɓu na tsohon birnin Fas. Da ya ji labarin, ya yi dariya har rawaninsa ya karkace.

"Kaji, Lalla? Kaji na cin garin katako a gidanku?"

"Rufe min baki, tsohon kwaɗo, yi aikinka."

Ya zuba garin katakon a mararrabar ruwa ta bakin lungu. Garin zai bi ruwa, in ji shi, ya shige tsaga, ya kumbura, ya toshe ta. Kanza ta tsuguna gaban kwarmin tsakar gida. Jim kaɗan sai ga 'yan ɓurɓushin katako suna juyawa a kan ruwa, sun bi hanyar da wani ya haƙa shekara ɗari uku da suka wuce, ba su ɓata ba.

Ranar Alhamis injiniya ya shafa katangar, ya sake shafawa, ya ce ta fara bushewa, za su iya zama.

Bayan la'asar Lalla Zuhur ta shimfiɗa takardar a kan tire, ta miƙa wa Kanza alƙalami.

"Ni, Lalla? Rubutuna ba kyau."

"Na kakanki ma kamar tafiyar kaza. Rubuta."

Ta karɓa, ta rubuta a ƙarƙashin nasa.