Kunyar Inna Altine

Ranar da aka kai Inna Altine makwancinta, garin Katanga ya cika ya batse. Mutanen Jega sun zo, na Aliero sun zo, har da masu shanu daga bayan Mungadi waɗanda suka saba yada zango a ƙofar gidanta su sha ruwa. Kowa da abin da yake tunawa. Wannan ya ce ita ta yanke masa cibiya, waccan ta ce ba ta taɓa ganin rana ta fito ta iske Inna a kwance ba. Kuma ba yabon mamaci ba ne, gaskiya suka faɗa. Mace ce da ta haura casa'in hannunta bai san hutu ba. Ta dafa kalwa, ta matse ƙuli, lokacin dashen albasa kuma tana cikin fadama tun kafin maza su gama kurkure baki. Mijinta ya rasu ya bar mata yara ƙanana, ta riƙe su ba ta kai kuka gidan kowa ba. Azumin Litinin da Alhamis kuwa sai da likita ya haɗa ta da Allah, ta ce to, ta koma yin abinta a ɓoye.

Attahiru, babban ɗanta, yana kan tabarma yana amsa gaisuwa, gemunsa fari fat. Duk wanda ya zo sai ya kawo wata magana da Inna ta taɓa faɗa masa. Shi da ta haifa, shi ne ba shi da abin kawowa, domin shi ne ɗan fari.

Kunyar ɗan fari kowa ya san ta, amma ta Inna Altine har masu yin ta suna cewa ta yi yawa. Ana yaye shi ta miƙa shi ga kakarsa a Mungadi. Ya girma, ya zama dillalin albasa a Aliero, ya yi gida a Jega, har ya aurar da 'ya'ya, bai taɓa jin sunansa a bakinta ba. In ya zo gaisuwa sai ta ja mayafi ta dubi bango, ta amsa a taƙaice. In abinci ne, sai ta ce wa ƙanwarsa Bushira, "Kai ma wancan." Shekarar da ya biya mata Makka ma, godiyar ta bakin Bushira ta iso. A gaban mutane yakan yi dariya ya ce Inna ta iya al'ada. A ransa kuwa abin yana ci masa tuwo a ƙwarya tun yana yaro. Ba wani abu yake nema ba, so yake sau ɗaya tak ya ji ta kira shi.

Da kakar bana ta kama, tsufa ya taɓa mata tunani. Bushira ta buga masa waya ta ce Inna ta daina gane mutane, salla kaɗai ce ba ta ɓace mata ba. Ya bar buhunansa a kasuwa ya taho da hantsi. Ya same ta a inuwar rumbu, carbi a hannu. Ya durƙusa ya yi gaisuwa yana jiran ta juya kamar kullum.

Ba ta juya ba. Ta dube shi ido cikin ido, ta yi murmushi.

"Marhabin da baƙo. Daga ina?"

Bushira ta buɗe baki za ta ce Yaya ne, ya ɗaga mata hannu.

"Daga Aliero, Inna," in ji shi.

"Aliero! Ai ina da yaro can, wurin 'yan albasa. Dogo, mai haƙuri. Halan ka san shi?"

Ya ce wataƙila.

Sai ga Inna ta saki baki, ita da ba ta taɓa haɗa masa magana uku a jere ba. Ta ba shi labarin ranar da aka tafi da yaron Mungadi, yadda ta shiga ɗaki ta cusa zane a baki don kada surukarta ta ji kukanta. Ta ce takan ƙirƙiri kai daddawa kasuwar can don kawai ta hango shi yana wasa, ta wuce kamar ba ta gan shi ba. "In ya zo gaisuwa, bango nike kallo," ta ce, "amma in ya tashi tahiya, bayanai nike bi da ido har shi ɓace."

Attahiru ya sunkuyar da kai. Ya san dama irin wannan ba za ta sake zuwa ba. Ya ce, "Inna, mi as sunanai? Ko in gane shi."

Ta yi dariya, ta rufe baki da gefen mayafi kamar amarya.

"Kai baƙo, ba ka da ta ido! Ɗan hwari na hwa. Wanga suna ga Allah kaɗai nike hwaɗinai, in na kai goshi ƙasa."

Ya ƙara roƙo, ta girgiza kai. Hankali ya tafi, sunayen jikoki sun tafi, amma kunyar nan tana nan daram.

Da ya miƙe zai tafi, ta kamo bakin rigarsa. Bai taɓa sanin hannunta ya yi ƙanƙanta haka ba.

"In ka gan shi kasuwa, ka ce uwatai tana gaishe shi." Sai ta sake shi. "A'a. Kak ka ce ni ta. Ka dai gaishe shi."

"Shi ji, Inna," in ji Attahiru.

Ya zaga bayan rumbu, dattijo mai jikoki, ya dafa bango ya yi kuka irin wanda bai yi ba tun yana Mungadi. Ya koma Jega da niyyar dawowa ranar Juma'a ya sake zama baƙo. Ranar Alhamis da la'asar Bushira ta buga waya, ta ce Inna ta cika.