Kwalbar da Ta Daskare

Mai gyaran firij ne ya kashe ƙwayoyin jikin matarsa, da hannunsa, wai shi taimako.

Ciwon dajin nono ya bi matarsa har ƙashin ƙugu. Aka soka mata allura mai kaurin ƙusa, aka ciro ɗan abin da za a kai ɗakin bincike. Ta fito tana rantsuwa ko a mafarki ba ta ƙarawa. Motar masu binciken ta lalace, sai likita ya miƙa wa mijin 'yar kula da kwalbar abin da aka ciro a ciki, ya ce ya kai yadda take, kada ya buɗe.

A hanya ya buɗe. Ya taɓa, ya ja tsaki. Wannan ne sanyi? Shi da ya tsufa a aikin ya san ƙanƙara ce ke hana nama lalacewa. Ya biya shagonsa ya jefa kwalbar a firiza, sai da ta yi tauri kamar dutse ya kai, yana taƙama.

Mai binciken, wata siririyar mata mai tabarau, ba ta yi faɗa ba. Ta nuna masa wani ɗan gilashi da bai kai ɗan yatsa ba, da hanyoyi sirara kamar gashi a ciki.

"Baba, nan muke zuba ƙwayoyin ƙashi, nan na ciwon. Sai mu zuba ido mu ga yadda ciwon yake rarrafowa, da abin da zai tare shi. Amma da ransu muke son su. Ƙanƙara ta farfasa su."

"A narkar mana."

"Sun mutu, Baba. Sai dai a sake cirowa. Kuma ba na maka alkawarin ita za ta ci amfanin."

Ya koma asibiti. Ya tsaya a gindin gado ya faɗa wa matarsa komai, bai ɗora wa mota laifi ba.

Ta harare shi.

"Injiniya manya! Ni ce har ka mayar kifi?"

"Ki bar shi kawai. Ba dole."

"Yaranmu mata uku ne, Baban yara. Gilashin nan ba don ni ba ne. Kira min likita. Kuma wannan karon ko takalmina ba za ka riƙe ba."

Mai binciken ta zo da kanta ta ɗauki sabuwar kwalbar. Daga baya ta kira shi ya leƙa madubin da ke ƙara girman abu, ya ga ƙwayoyin sun bazu, da ransu. Sai "Allah ya saka da alheri" yake maimaitawa, bai san ko da wa yake ba cikin matan biyu.

Allurar ta biyu ta fi ta farko zafi. Matarsa ta ciji gefen mayafinta har ya huje, kuma tun ranar ba ta sake kwanciya ta ɓangaren hagu ba.