Hatimin Shafi na Arba'in da Ɗaya

Wata goma sha huɗu ke nan da aka rufe Anselmo Tzunún a gidan yarin lardi, bisa zargin shi ya cinna wa rumbun maƙwabcinsu wuta saboda rigimar iyakar gona. Ba a yanke masa hukunci ba, ba a kuma sake shi ba. Duk Lahadi matarsa Rufina takan ƙunshe tortiya, wato wainar masara, da baƙin wake a mayafi, ta hau motar farko daga ƙauyensu Tzalam, ta tsaya a layi har rana ta take. Tun damina ta lura tari ya kama shi, kuma kullum ta je sai ta ga wuyan rigarsa ya ƙara yi masa yawa.

Abin da ya hana ta zaucewa shi ne Lauya Ovidio Chay, wani gajeren dattijo da ofishinsa ɗaki ɗaya ne a saman shagon mai gyaran takalmi. Shekara tara yana riƙe da kwangilar da hukumar lardi ke bayarwa don a kare marasa galihu kyauta. Yana jin Kiche, yaren su Rufina, don shi ya sha a nono. Da ƙafarsa ya taka har gonar, ya kuma zaƙulo wani mai sayar da barguna, Gaspar Ixcoy, wanda ya yini da Anselmo a kasuwar wani gari ranar da aka yi gobarar. An sa zaman kotu ranar Alhamis.

Ranar Juma'ar da ta gabace ta lauyan ya ce mata, "Doña Rufina, wa'adin kwangilata ya cika. Litinin za a buɗe takardun masu nema."

"To ai kai za a ba. Wa zai so aikin da tukuicinsa ƙwai da kabewa?"

"Bana an ƙara kuɗin aikin," ya ce yana murmushi. "Kin ga kuwa masu ƙaunar talakawa sun yi yawa."

Ba ta yi dariya ba. Ranar Litinin ta bar tandarta a sanyaye ta bi shi. A bakin zauren hukuma mai gadi ya tare ta da sanda.

"Inna, nan ba wurin talla ba ne."

"Doka ta ce a buɗe a bainar jama'a," in ji Ovidio. "Ga jama'ar nan."

Ita kaɗai ce kuwa. Kujeru sun fi hamsin, babu kowa a kai. A gaba mutum uku na kwamiti suna zaune, shugabansu Don Heriberto Salguero a tsakiya, ambulan biyu a gabansa. Ɗaya ta Ovidio, ɗaya ta wani kamfanin lauyoyi na babban birni, wadda wani matashin lauya mai ƙamshin turare, Maynor, ya kawo. Kafin a fara Don Heriberto ya tambayi Maynor gwiwar babansa, ko ta yi sauƙi.

Aka farke ta Ovidio. Don Heriberto ya riƙa lasar yatsa yana juya shafi ba tare da ya karanta ba, sai da ya zo wani wuri ya tsaya cak.

"Shafi na arba'in da ɗaya, jerin shari'o'in da ka yi. Babu hatimin magatakardan kotu. Mun yi watsi da ita."

"Yaushe aka ce a sa hatimi?"

"An ƙara sharaɗin ranar Juma'a. Yana shafinmu na intanet, kowa na iya gani."

"Ƙarfe nawa?"

Don Heriberto ya dubi na damansa, shi kuma ya dubi takarda. "Biyar saura minti goma."

"Rajistar kotu ƙarfe uku da rabi take tashi, Don Heriberto. Kai ma ka sani."

Aka farke ta biyu. Ovidio ya nemi a nuna masa shafinsu, don yana da wannan haƙƙin. Ya sa tabarau, ya daɗe yana kallo.

"Hatiminsu na ranar Laraba ne. Kwana biyu kafin a haifi sharaɗin."

"Mutane ne masu hangen nesa," in ji Don Heriberto, ya ja takardar.

Rufina ba ta jin Sifaniyanci sosai, amma ta ga yadda kafaɗun lauyanta suka sauka. Ta miƙe ta fuskanci Maynor ta yi masa magana da Kiche.

"Ɗana, sunan mijina Anselmo. Alhamis ce ranarsa. Ka ji abin da na ce?"

Maynor ya yi mata murmushin ladabi, ya waiga. "Me take cewa?"

"Jin yare ba ya cikin sharuɗɗan bana," in ji Don Heriberto. "An tashi."

A matakalar waje ta riƙe hannun kwat ɗin Ovidio.

"Lauya, ka zo Alhamis ko babu kwangila. Zan sayar da masaƙata. Zan sayar da aladenmu."

"Ba kuɗi ba ne, Doña. Gobe da safe dole in miƙa fayil-fayil duka, ɗari biyu da sha uku. Zan shigar da ƙorafi. Amma ƙa'idarsu ta ce idan na taɓa ko ɗaya daga cikin shari'o'in nan kafin a duba ƙorafin, ya faɗi. Jira suke in yi hakan."

"Guda ɗaya fa. Yini ɗaya."

"In na tsaya wa Anselmo, na saki mutum ɗari biyu da sha biyu."

Ta durƙusa a kan matakalar, mutane na ratsa ta suna wucewa. Ta roƙe shi da darajar uwarsa, ta roƙe shi da Budurwa Maryamu. Da ta ga ba zai juya ba ta tashi ta karkaɗe zaninta.

"Ashe kai ma takarda kake karewa, ba mutum ba."

Ya sunkuyar da kai.

Talata ta nemi ofishin sababbin lauyoyin. Ta tarar da ɗaki mai warin sabon fenti, babu ko kujera, sai wayar tarho a ƙasa. Laraba ta koma, ta zauna a bakin ƙofar tun safe har la'asar, ba wanda ya zo.

Ranar Alhamis Gaspar ya rufe rumfarsa ya zo da farar rigarsa ta coci. Aka shigo da Anselmo da ankwa, yana ta leƙen inda Ovidio ya saba zama. Maynor ya iso a makare, fayil ɗin a hammata, igiyar da aka ɗaure shi da ita ma ba a kwance ba. Ya kira Anselmo da sunan wani, ya nemi gafara, sannan ya roƙi kotu lokaci don ya yi nazari. Alƙaliya ta duba kundinta ta ba da rana a watan Fabrairu. Duka zaman bai kai minti shida ba.

Da za a fita da shi Anselmo ya tambayi Rufina da Kiche, tari na sarƙe shi, "An gama? Gida za mu?"

Ta buɗe baki, gandiroba ya riga ya tura shi gaba.

A farfajiya Gaspar ya murza hularsa. "Doña, ki yafe ni. Yau zan sauka gaɓar teku tsinkar kofi, daga can kuma ɗan'uwana ya samo mana hanyar arewa. Fabrairu ba za ta same ni a ƙasar nan ba." Ya tafi yana waiwaye.

Ba ta san yadda ƙafafunta suka kai ta shagon mai gyaran takalmi ba. Matakalar cike take da mata, kowace da sunan wanda take tambaya. Ovidio na zaune a tsakanin kantocin da babu komai a kansu. Ta faɗa masa yadda aka yi. Ya tura mata wata takarda.

"Ƙorafin yana buƙatar shaidar wanda ya halarci zauren, ba ɗan kwamiti ba, ba mai nema ba. Ke kaɗai ce. Amma ki sani, fayil ɗin mijinki yana hannun waɗanda za ki yi wa shaida a kai."

Ta daɗe tana kallon takardar da ba ta iya karantawa. Sannan ta miƙa babban yatsanta, ya shafa masa tawada, ta danna.

"Kwana nawa kafin su duba ƙorafin?"

"Goma na aiki, in sun ga dama. In Gaspar na nan, zan iya kai shi ya yi rantsuwa a rubuce da zarar an saurare ni."

"Motar gaɓar teku ƙarfe nawa take tashi?"

"Biyu."

Agogon bango ya nuna biyu saura kwata, tasha kuma tana can ƙarshen gari. Rufina ta tattare zaninta, ta ratsa matan nan ta sauka, ta kama gudu tana shirya abin da za ta ce wa mutumin da ba shi da dalilin tsayawa.